Aiki da Revit: tsare fayil, daidaita zanen safiyo da nemo abin da ya ɓace

Revit, manhajar zanen gini ta kamfanin Autodesk, ba ya adana maka aiki da kansa. Wannan ce maganar farko da nake yi wa duk wanda aka kawo mana ofis, ɗalibi ne mai koyon aiki ko ɗan bautar ƙasa, tun bai kai hannu kan linzami ba. Wanda ya taso da AutoCAD ya saba akwai kwafin da ake ajiye masa a ɓoye lokaci-lokaci. Nan babu wannan gatan. Tunatarwa kawai Revit ke yi: bayan minti 30 ɗan akwati ya fito ya tambaye ka ko za ka adana, kai kuma kana tsakiyar jan bango ka kore shi. In aka ɗauke wuta a wannan tsakanin, kuma kwamfutar tebur ce ba UPS, aikin ya tafi ke nan. Don haka ka shiga File, ka zaɓi Options, a shafin General ka mayar da tazarar tunatarwar minti 15, sannan ka saba wa yatsunka da Ctrl da S duk sanda ka kammala wani abu, ko da ƙofa ɗaya ce.

A kan Revit zan yi maganar domin shi nake buɗewa kullum, amma yawancinta ta shafi mai ArchiCAD ma, sunayen maɓallan ne suka bambanta. Dukansu manhajojin BIM ne, wato gini kake yi a cikin kwamfuta, bango da kaurinsa da kayan da aka yi shi da su, sannan filan da sekshon da jadawalin ƙofofi duk su fito daga wannan samfurin guda. Shi ya sa kuskure ɗaya ke bayyana a takarda goma, kuma lalacewar fayil ɗaya take zaunar da ofis gaba ɗaya.

Inda fayil zai zauna

Duk sanda ka adana, Revit na barin tsohon kwafin a gefe da lamba a wutsiyar sunansa, kamar Gida.0001.rvt da Gida.0002.rvt. Kada ka goge su don sun cika maka folda. Uku yake ajiyewa in ba ka canja ba. Wajen Save As ka danna Options ka kai su goma. Sai dai duk a kwamfuta ɗaya suke, ranar da rumbunta ya mutu tare za su tafi. Kullum kafin a tashi wani ya kwafe aikin zuwa rumbun waje, kuma rumbun nan kada ya kwana a ofis.

In mutum fiye da ɗaya ke aiki a gini ɗaya, sai an yi fayil na tsakiya, wanda Revit ke kira Central Model. Kowa ya ɗauki kwafinsa yana aiki, lokaci-lokaci ya danna Synchronize with Central, ya kai nasa ya ɗauko na sauran. Kamar adashi ne: zubin kowa na hannun uwar adashi, in ita ta sami matsala kowa ya shiga uku. Saboda haka kwamfutar da ke riƙe da shi ita ce ta fi cancantar UPS a duk ofishin, ita da ɗan akwatin da wayoyin haɗa kwamfutocin suka taru a jikinsa, wanda galibi ake mantawa da shi. Lokaci mafi haɗari shi ne daidai sanda ake rubutu a cikin fayil na tsakiya. A wajenmu in za a sauya layi zuwa janareta sai an leƙo an faɗa, kowa ya cire hannu tukuna.

Kada ka taɓa ajiye fayil na tsakiya a foldar Google Drive ko Dropbox ko OneDrive. Na san dalilin da ke sa a yi haka: ɗaya na gida, ɗaya na wurin gini, kuma tsarin Autodesk na yin aiki tare ta intanet da dala ake biyansa. To amma waɗannan manhajojin kwafe fayil suke yi zuwa kowace kwamfuta, ba ruwansu da wanda Revit ya ba izinin taɓa wane bango. Mutum biyu suka adana kusa da juna, sai a wayi gari da fayil na tsakiya guda biyu, kowanne da rabin aiki. In kuɗin tsarin intanet ɗin bai samu ba, a raba aikin: mai zanen gini da fayil ɗinsa, injiniyan ƙarafa da kankare da nasa, mai famfo da lantarki da nasa, kowa ya jingina na ɗan'uwansa ta Link Revit, a riƙa musayar sababbi a ranar da aka tsayar kowane mako.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Kowace safiya a ɗauki sabon kwafi, wato wajen buɗewa a bar alama a kan Create New Local. Kowa da sunansa daban a Options, kada a sami "User" biyu. Wanda zai tashi ya yi Synchronize, ya tabbatar ya saki duk abin da ke hannunsa da Relinquish All Mine, in ba haka ba gobe yana can wurin gini wayarsa a kashe, bangon da ake son gyarawa kuma na kulle da sunansa.

Sai batun shekarar manhaja, wanda ya kamata a yanke tun zaman farko da sauran injiniyoyi. Revit ba ya komawa baya: fayil da aka adana da na 2024 ba zai buɗu a na 2022 ba, kuma babu maɓallin mayar da shi tsoho irin na AutoCAD. Wani injiniya ya taɓa karɓar fayil ɗinmu, ya buɗe da sabon Revit, ya yi aikinsa tsaf ya dawo mana da shi, babu kwamfuta ɗaya a ofis da ta iya buɗewa. In ka buɗe fayil ka ga ana cewa ana ɗaukaka shi, ka sani ainihinsa bai canja ba muddin ba ka adana ba. Rufe, ka tambaya.

In kuma fayil ya fara rufe kansa ko ya ƙi buɗuwa, kada kowa ya ci gaba da danne-danne. Kwafe shi gefe tukuna. A akwatin buɗewa ka sa alama a Audit, in na tsakiya ne ka haɗa da Detach from Central, ka zaɓi a bar Worksets, wato kason da aka raba aikin a kai, yadda suke. Zai ɗauki lokaci, ka bar shi. Ya buɗu, ka adana shi a matsayin sabon na tsakiya, kowa ya jefar da tsohon kwafinsa ya ɗauki sabo. Ya ƙi, ka gwada kwafin wanda ya yi Synchronize na ƙarshe, ko ka koma foldar da ke kusa da shi mai ƙarewa da _backup ta hanyar Restore Backup a shafin Collaborate. Ka kuma duba ko rumbun kwamfutar bai cika ba, don cikarsa kaɗai na iya jawo wannan duka.

Zanen safiyo

Nan zan daɗe, domin kuskuren nan shi ne wanda ba ya gyaruwa cikin sauƙi in gini ya yi nisa.

Revit na da cibiya ta cikin gida, Internal Origin, wadda ba ta motsi. Autodesk sun ce duk samfurin ya zauna cikin mil 10, kusan kilomita 16, daga wannan cibiya. Safiyo kuwa da lambobin UTM, tsarin da ke nuna matsayin wuri a doron ƙasa da mita, yake aiko da zanensa. Fili a Kano yana shiyya ta 32, kuma lambarsa ta arewa ta haura mita 1,300,000, domin daga layin da ya raba duniya biyu ake ƙirgowa. In ka jawo wannan zanen yadda yake, ka bi shi can ka yi gininka, to ka yi gini fiye da kilomita dubu daga cibiya. Alamominsa sanannu ne: da'ira ta koma mai kusurwoyi, layuka na rawa in ka matso kusa, linzami ya ƙi kama ƙarshen bango, awo ya riƙa fitowa da ɗan ragowa. Mutane kan ɗora wa kwamfuta laifi, har su sayi sabuwa.

Ga yadda nake yi. Da farko in buɗe zanen a AutoCAD in ga da wane ma'auni aka yi shi. Safiyo kusan kullum da mita yake aiki, mu kuma da milimita. In yi Zoom Extents, in zanen ya koma ɗigo to akwai wani tarkace da aka manta can nesa, in nemo shi in goge. In yi Purge, wato share abin da ba a amfani da shi, in adana da sabon suna. A Revit kuma ginin na nan kusa da cibiya, a miƙe yadda zai zauna a takarda. Sai in kawo zanen ta Link CAD, ba Import CAD ba, in zaɓi mita da hannuna a wajen ma'auni maimakon barin manhaja ta yi hasashe, in zaɓi Center to Center. In ka ga filin ya fito ƙarami kamar akwatin ashana, ko ya yi girman gari, ma'aunin ne: sau dubu ya ragu ko ya ƙaru.

Daga nan zanen safiyon nake matsarwa ina juyawa har filin ya zauna a ƙarƙashin ginin. Ginin ba ya motsi. Sannan in zaɓi bikon ɗaya, dutsen iyakar da safiyo ya binne, in je Manage, Coordinates, Specify Coordinates at Point, in danna kansa, in rubuta lambobinsa da tsayinsa da kusurwar arewa ta gaskiya. Abu biyu ke kayar da mutane a wannan ɗan akwatin. Na farko, AutoCAD da X yake farawa, wato gabas, Revit kuma arewa yake fara tambaya, sai a musanya su ba a sani ba. Na biyu, aikinka na milimita ne, don haka ka rubuta harafin m a bayan lambar don ya gane mita kake nufi.

Kada ka tsaya nan. Ɗauki Spot Coordinate ka ɗora a bikon na biyu, wanda ya fi nisa da na farko, ka kwatanta abin da ya fito da takardar safiyo. Sun yi daidai, ka danna haruffan P da N a kibod ka kafe zanen, ka kafe layukan grid, wato layukan da ake jera ginin a kansu, da matakan bene ma. Ba su yi ba, ko dai kusurwar ce, ko kuma takardar da zanen ba tsari ɗaya aka bi ba. Kira safiyon ka tambaye shi: da tushen awo na Minna Datum ya yi aiki ko da WGS84 irin na GPS? Tazarar da ke tsakanin biyun ta isa ta jefa katangarka cikin filin maƙwabci.

Wannan kusurwar arewa ba ado ba ce. Revit na da arewa biyu, ta takarda da ta gaskiya, kuma kowane filan na da wurin zaɓa a Orientation. Inuwar da za ka nuna wa mai gida a baranda ta yamma ta dogara da ita. In masallaci ne ko ɗakin salla a cikin gida, alƙibla daga Kano tana wajen digiri 68 daga arewa ta gaskiya zuwa gabas; wanda ya auna ta daga saman takarda ya karkatar da sahu.

"Oga, ya ɓace"

Bai ɓace ba. In kana son tabbaci, buɗe jadawalin irin abin, ko ka duba a 3D. In yana can to yana nan, filan ɗin ne ya ƙi nuna shi. Ka bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Duba gefen allon: in an zagaye shi da launi mai ruwan sararin sama, ɓoyewar wucin gadi ce, danna H da R a kibod zai dawo da komai. In ba haka ba, danna ɗan ƙwan fitilar da ke ƙasa, duk abin da wani ya ɓoye da hannu zai fito da launi. Sai ka danna V da G, ka ga a akwatin da ya fito ko an cire alama a rukunin abin, ko wata matata a shafin Filters ta tace shi, ko an rufe Workset ɗinsa. In ka tarar duk wannan akwatin ya yi fari ba ya taɓuwa, View Template, saitin da filan da yawa ke bi tare, shi ke riƙe da shi, can za ka gyara, amma ka tuna duk filan da ke ƙarƙashinsa zai canja.

Wanda ya fi cin lokaci shi ne View Range. Filan yanka ne: ana yanke ginin a wani tsayi, galibi milimita 1200 daga daɓe, a leƙo daga sama. Ƙaramar tagar banɗaki da ke farawa a 1800 tana sama da wuƙar, don haka sau da yawa ba ta fitowa yadda ake so. Kada ka ɗaga yankan filan ɗin gaba ɗaya, za ka ɓata sauran tagogin. Zana Plan Region a kewayen tagar kaɗai ka ba shi nasa tsayin. Haka in ka ƙara bene a sama ka ga babu layukan grid a sabon filan, ba su kai can ba ne; buɗe elebeshon ka ja kawunansu sama su wuce sabon benen.

Sauran su ne Discipline, domin filan da aka sa a Structural yana ɓoye bangon da ba ya ɗauke da nauyi; da Phase, in aikin gyaran tsohon gida ne aka cakuɗa tsohon bango da sabo; da alamar sekshon da ke da umarnin ɓoye kanta in sikelin ya wuce wani adadi. Bututu kuma in ya koma siririn layi, Detail Level ka mayar Fine.

Abin da mai ƙididdiga zai ɗauka

Amfanin wannan wahalar duka shi ne a ciro adadin bulo da kankare da ƙofofi daga samfurin. To jadawali ba ya tunani, abin da ka gina yake ƙirgawa. Ka yi nau'in bango na gaskiya: bulo inci tara milimita 225, inci shida 150, filasta a matsayin shimfiɗa daban a kowane gefe, da suna wanda wani zai gane. Kan bango ka ɗaure shi da matakin bene na sama, kada ka rubuta masa tsayi da hannu, don ranar da aka ce a ƙara tsayin silin kowane bango ya bi. Inda fila ko bim ya shiga cikin bango ka tabbatar sun haɗu, in ba su haɗu ba ka yi Join Geometry, in ba haka ba wuri ɗaya za a ƙirga sau biyu, a bulo da a kankare.

Ɗan gargaɗin da ke fitowa a kusurwar ƙasa yana wucewa, amma ba ya mutuwa. Suna taruwa a Manage, ƙarƙashin Warnings. Ba duka ke da nauyi ɗaya ba. Wanda ke cewa akwai abu biyu iri ɗaya a wuri ɗaya, da na bangon da ya hau kan bango, da na ɗakin da bai rufu ba, waɗannan kuɗi suke taɓawa, su nake fara kashewa. Kowanne na da lambar abin; kwafe ta, ka sa a Select by ID, ka danna B da X, zai yanko maka wurin a 3D. Ranar Juma'a da safe ta dace da wannan shara.

Sai roƙo ɗaya. Revit na ƙin yarda ka goge awo ka rubuta wata lamba da hannu, kuma akwai dabarun zagaye wannan da yara ke koya wa juna. Don Allah kada ka yi. In ɗaki 3600 ya kamata ya zama, matsar da bangon.

In ya yi nauyi

Yawanci kaya ne aka loda masa. Zanen AutoCAD da aka shigo da shi ta Import sannan aka fasa shi da Explode yana zubar da ɗaruruwan nau'in layi da rubutu a cikin fayil. Kujeru da motoci da bishiyoyin da aka sauke daga intanet, wata kujera ɗaya ta fi ɗakin da take ciki nauyi. Duba girmanta kafin ka shigar. Yi Purge Unused, ka maimaita har sai ya daina samo komai, amma a kwafi, don yana kwashe har nau'in bangon da ka tanada ba ka yi amfani da shi ba tukuna. Wajen adanawa ka sa alama a Compact. Rufe tagogin da ba ka kallo da Close Inactive.

Ƙiyasin da aka saba da shi shi ne Revit na buƙatar RAM kusan ninki 20 na girman fayil, ka haɗa da na duk waɗanda ka jingina. Laftof kuma a kan batir rage gudu take yi da gangan, haka in ta yi zafi. Bayan hunturu a buɗe ta a hure ƙurar fanka, a bazara kuma kada a ɗora ta a kan katifa. In allo na ƙyalƙyali ko abubuwa na fitowa baƙi, sabunta direban katin hoto, in bai yi ba ka kashe Hardware Acceleration a Options ka gani.

Musaya da na waje

Wanda ke aiki da ArchiCAD, manhajar kamfanin Graphisoft na ƙasar Hungary, ko da Tekla, ta IFC za ku gana, tsarin da ƙungiyar buildingSMART ke kula da shi don kowace manhaja ta karanta. Tambaye shi wanne yake so, IFC2x3 ko IFC4, ku kuma daidaita a kan wace cibiya za a fitar, in ba haka ba gininsa na gabas naka na yamma. Kafin ka tura, buɗe abin da ka fitar a manhajar kallo ta kyauta irin BIMvision ka gani da idonka. Duk abin da ka ƙera a matsayin Generic Model zai isa wajensa ba tare da an san ko mene ne ba. Nasa kuma in ya zo, Link IFC za ka yi, ka duba, shi ya gyara abinsa.

Wajen neman karo, wato inda abubuwa biyu suka shiga jikin juna, ko da Interference Check na cikin Revit ko da Navisworks Manage, kada ka ce komai ya gwabza da komai, dubbai za su fito ka rasa na kamawa. Fara da waɗanda ke sa a fasa kankare: bututun masai na milimita 100 da bim, hanyar iskar AC da bim, fila da ta faɗo tsakiyar ƙofa ko taga. Kowanne ka tura wa mai shi da hoto da lambar abin da sunan grid mafi kusa.

Wajen bugawa, tun Revit 2022 akwai fitar da PDF kai tsaye. Ka tabbatar girman takardar ya dace da na zanen, ka zaɓi Zoom 100, ba Fit to Page ba, ka kuma faɗa wa mai shagon bugawa kada ya rage, domin birkila zai ɗora tef a kan takardar ko an hana shi. In ta fito, ka auna ɗaki ɗaya da rula kafin a naɗe: a sikelin 1:100, ɗaki mai faɗin mita 3 milimita 30 zai ba ka.